Akushi Daga Gutsattsarin Katako: Abin Da Ya Kamata Ku Sani

Duk wanda ya tashi a ƙasar Safana ko Batsari ya san akushi tun kafin ya san sunan iccen da aka sassaƙa shi da shi. Baƙi ne wuluk, yana sheƙin mai, kuma in aka kwashe tuwon dawa a cikinsa da magariba, maigida zai dawo daga hira bayan isha'i ya tarar da shi da ɗuminsa. Na kakata yana da tsaga a baki, wadda aka ɗinke da siririyar waya tun kafin a haife ni. Wurin ɗinkin ya goge saboda yawan taɓawa har yatsa ba ya jin wayar. Ta sami kwanonin samira da na silba daga baya, amma tuwon baƙo a wannan akushin take kwashe shi.

Akushi irin wannan daga gungume guda yake fitowa. Masassaƙi zai nemi itace mai kauri, sau da yawa danya, saboda tana da sauƙin sara kuma ba ta da ɗaci. Ya datsa da gatari, ya fitar da siffar baya, sannan ya zauna da gizago yana rarake cikin sannu a hankali. In ya gama sai a babbake shi da wuta ko jan ƙarfe, a shafe shi da mai. Ka dubi inda masassaƙin ya tashi, za ka ga tarin sassaƙe ya fi akushin da ke hannunsa yawa nesa ba kusa ba. Mafi yawan iccen murhu yake tafiya.

Da can wannan bai dami kowa ba, don dajin Rugu yana nan kusa, ya miƙe daga ƙasar Safana da Batsari da Ɗanmusa har iyakar Zamfara. Yau magana ta canza. Manyan itatuwa sun ragu saboda saran icen girki da gawayi da faɗaɗa gonaki, kuma abin da ya rage yana cikin dajin da 'yan bindiga suka mai da maɓoya. Mutumin Runka ko Wagini ba sai an ba shi labari ba. A ƙarshen watan Agusta na 2021, gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya kafa dokar matakan tsaro wadda a cikinta aka hana manyan motoci ɗauko ice daga daji, aka kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Batsari da Safana. Sana'ar da take rayuwa da babban gungume ta shiga tsaka mai wuya ke nan.

Shi ya sa nake so mu san wata hanya ta yin kwanon katako wadda ba ta bukatar gungume ko kaɗan. Ana yanka ƙananan katakai, a manne su da gam su zama zobe, a ɗora zobe kan zobe kamar yadda magini ke ɗora sahun tubali, sannan a ɗaura abin a kan injin juya katako a sassaƙe shi yana juyawa har ya zama kwano. A Amurka da Ingila da Kanada dubban mutane ne ke yin wannan a bayan gidajensu don sha'awa kawai, da yawansu 'yan fansho. Abin da ya ja hankalina shi ne kayan aikin: irin gutsattsarin da kafintocinmu na Dutsin-Ma da Katsina ke sharewa da yamma a kai wa masu tuyar ƙosai.

Injin kansa ba baƙo ba ne. Shi ne wanda ake fitar da ƙafafun gado da na kujera masu tudu da kwari da shi. Aikinsa guda ne, ya riƙe katako ya juya shi, mai aiki kuma ya kafa ƙarfen sassaƙa a kan matokari yana kusanto shi, katakon na zuwa yana aske kansa a bakin ƙarfen. Wato an juya lamarin gizago: a can hannu ke motsi itace na zaune, a nan itace ke gudu hannu na tsaye. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. A Masar akwai zanen mutum biyu suna wannan aiki a bangon kabarin Petosiris, kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ɗaya na jan igiya, ɗaya na riƙe da ƙarfe. A kasuwar Marrakesh ta Maroko har gobe akwai masu juya katako da baka da tsirkiya a hannu ɗaya, suna dafe ƙarfen da yatsun ƙafa. A Ingila wani mutum mai suna George Lailey ya yi ta fitar da kwanonin katako a ƙauyen Bucklebury da injin da ake takawa da ƙafa har rasuwarsa a 1958. Duk waɗannan ba su san lantarki a aikinsu ba, kuma wannan magana ce mai amfani gare mu.

Haɗa katakai masu launi daban-daban kafin a juya su ma yana da tarihi. A ƙarni na 19 masu sana'a a garin Tunbridge Wells na Ingila sun shahara da manne siraran sanduna su yanka su, ko su juya su, su fitar da ƙananan kayan ado. Salon zobe kan zobe da ake yayi yanzu ya bunƙasa ne a Amurka a ƙarshen ƙarni na 20. Ƙungiyar masu juya katako ta ƙasar an kafa ta a 1986, kuma mutane irin su Ray Allen na jihar Arizona da Malcolm Tibbetts na Kalifoniya sun kai aikin matsayin da kwano guda ke ɗauke da ɗaruruwa ko dubban yankuna.

To, ta yaya miƙaƙƙen katako ke zama da'ira? A nan ne ɗan lissafin yake, kuma bai wuce na ɗan firamare ba. Da'ira digiri 360 ce. In kana son zobe mai yanki 12, kowane yanki zai ci digiri 30, kuma tun da yana da baki biyu, kowane baki za a yanka shi a karkace da digiri 15. In yanki 8 ne, digiri 22.5. In 6 ne, digiri 30. Ƙa'idar dai ka raba 180 da adadin yankunan. Kowane yanki zai fito kamar yankan kankana da aka datse tsininsa, bayansa da faɗi, cikinsa a tsuke. Tsawon bayan kuwa, ga zobe mai yanki 12, ka ninka faɗin zoben da 0.268. Zobe mai faɗin santimita 25 zai bukaci yankuna masu tsawon baya kimanin santimita 6.7. Kwano madaidaici mai zobba biyar yanki 60 ke nan, ban da gindi.

Ga inda sabon shiga ke faɗuwa. Zobe mai yanki 12 yana da bakuna 24. In zartonka ya kauce da rabin digiri a kowane baki, abin da ido ba zai gani ba, to a ƙarshen zagaye kuskuren ya taru ya zama digiri 12, giɓin da ɗan yatsa zai shiga. Gam ba ya cike giɓi, ɓoye shi yake yi na ɗan lokaci. Saboda haka kada a yanka kowane yanki da awon ido. A ƙera akwatin jagora na katako mai tsaga guda a daidai kusurwar, zarto ya riƙa bi ta cikinta, a kafa ɗan katako a gefe wanda zai tsai da tsawon, yadda duk yankunan za su fito kamar tagwaye. A fara gwadawa da katakon banza. A jera 12 ba gam, a ɗaure da roba, a ɗaga wa rana. Duk inda haske ya ratso, akwai gyara.

Masu wannan aiki suna da wata dabara mai sauƙi da nake so kowa ya riƙe. Kada ka manne zoben gaba ɗaya. Ka manne shida su zama rabi, ka manne sauran shidan su zama ɗaya rabin. In sun bushe, ka shimfiɗa samfefa a kan gilashi ko wani abu mai shafaffen bisa, ka goga bakunan kowane rabi a kai har su daidaita, sannan ka haɗa biyun. Duk ɗan kuskuren da ya taru a nan yake gogewa. Maɗauri kuma ba sai an saya ba: tsohuwar robar cikin tayar keke ko babur, in aka yanka ta siri-siri aka naɗe zoben da ita, tana matse shi ta kowane gefe daidai wa daida.

In zobba sun bushe, sai a goge saman kowane da ƙasansa su kwanta sosai, a fara gini daga gindi. Gindin faifai ne na katako guda, kuma gara ya zama ƙarami. Ana ɗora kowane zobe ta yadda gaɓoɓinsa za su faɗa a tsakiyar yankunan na ƙasa da shi. Duk wanda ya taɓa kallon magini na jera bulo ya san dalili. Gam ba ya kama kan katako da kyau, wato inda aka datse jijiyarsa, don wurin yana shanye shi kamar yashi. Ƙarfin kwanon yana zuwa ne daga mannewar zobe da zobe, gefe da gefe, inda kowane yanki ya haye gaɓar da ke ƙarƙashinsa ya ɗaure ta. In gaɓoɓi suka jeru a layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ka gina tsaga da hannunka.

Maganar bushewar katako ita ce ta fi komai nauyi a ƙasarmu, kuma a nan zan ɗan daɗe. Kowa ya san ƙyauren katako da ke cijewa da damina, da hunturu kuma ya saki har iska na shigowa ta gefensa. Itace ko ya shekara goma da sarewa yana shan laima yana amayar da ita. Amma ba ta ko'ina yake motsi daidai ba. Ta faɗinsa yake kumbura yana tsukewa, ta tsawon jijiyarsa kuwa kusan ba ya motsi. Wannan ne ke sa akushin da aka sassaƙa da ɗanyen ice ya ɗan karkace daga baya, ko ya tsage a baki kamar na kakata. A kwanon zobba, jijiyar kowane yanki tana bin zagayen kwanon, don haka da'irar ba ta cika lalacewa ba. Sai dai da sharaɗi: dole duk katakan su bushe, kuma bushewarsu ta zo ɗaya. In ka haɗa busasshe da mai sauran laima, hunturun farko zai raba su. Masassaƙin gargajiya yana son ice ɗanye don gizago ya shige shi. Mai wannan aiki akasin haka yake nema. A jera katakan a inuwa, cikin ɗaki ko rumfa, da 'yan sanduna a tsakaninsu don iska ta ratsa, a bar su su ga rani guda. Wanda ke da ma'auni zai iya auna guda ɗaya duk mako. Ranar da nauyinsa ya daina raguwa, ya isa aiki. Kuma a yi manni da sassafe a inuwa, don da zafin bazara farin gam na kafintoci kan fara daskarewa kafin ka gama jera yankunan.

Launi kuwa Allah ya hore mana. Maɗaci ja ne mai kyau, ƙirya ja ce mai duhu kuma tauri gare ta, shi ya sa ake turmi da taɓarya da ita, maƙera kuma ke son gawayinta. Aduwa, wadda ake allo da ita, fara ce mai ratsin rawaya. Bedi yana ko'ina a garuruwanmu kuma cikinsa ja-ja ne. Sahu ɗaya na aduwa tsakanin sahu biyu na maɗaci ya isa ado, ba sai an zuba fenti ba. A kula dai da haɗa mai tauri sosai da mai laushi sosai, kamar ƙirya da gawo, don samfefa za ta cinye mai laushin ta bar mai taurin, kwanon ya fito da tudu da kwari. Madobiya tana da kyau ƙwarai, amma saran da aka yi mata a Afirka ta Yamma don kai wa ƙasar Sin ya sa tun 2017 aka saka ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa. In an same ta a tsohon gado, madalla. Kada a sare sabuwa saboda kwano.

A gaskiya ma tsohon katako ya fi. Karyayyen gado, tsohon ƙyaure, taɓaryar da ta tsage, bencin da ya rasa ƙafa, duk sun riga sun bushe sun gama motsinsu. Abin gudu shi ne wanda aka shafa wa baƙin mai ko maganin gara, da mai tsohon fenti, da wanda ƙusa ta karye a ciki. Ƙusa ɗaya ta isa ta ɓata bakin ƙarfe, ta kuma jefo maka ɓarɓashi a fuska.

Sai juyawa. Ana manna wani katakon banza a ƙarƙashin gindin, a ɗaure shi da ƙusoshi masu murɗi a faifan ƙarfen injin, yadda ƙusa ba za ta taɓa kwanon ba. Da farko abin kusurwoyi ne ko'ina, kuma in ƙarfe ya fara taɓa su za ka ji ƙara ƙat-ƙat-ƙat, hannunka na girgiza. Kana ci gaba ƙarar na laushi, har ta koma wani shuu mai tsawo, sassaƙen ya daina fitowa gari-gari ya fara fitowa a nannaɗe. In ka tsai da injin a wannan lokaci, miƙaƙƙun layukan da ka manne jiya sun zama baka-baka, jan da farin sun zagaye juna. Ana fara gyara baya, sannan ciki, daga baki zuwa gindi, ana ɗiba kaɗan-kaɗan. Ƙarfe ya kasance da kaifi kullum, don gam na dakushe shi da sauri.

Zan yi maganar hatsari da babbar murya, don injin nan ba ya wasa. Ba a kusantarsa da babbar riga, ko hannun riga mai faɗi, ko rawani mai jela, ko carbi a wuya. Duk abin da ya kama naɗe shi yake yi, da mai shi. A rufe fuska duka da garkuwar roba mai gani, tabarau kaɗai bai isa ba. A rufe hanci, musamman wajen goge maɗaci, don ƙurarsa na damun hanci da fata. Kwano yana ƙara faɗi, gudun injin na raguwa. Ga mai faɗin santimita 25, juyi 600 zuwa 900 a minti shi ne abin da masu aikin suka saba bi, kuma ana farawa ƙasa da haka kafin ya zama da'ira. A bar gam ya kwana ya wuni kafin a ɗora. In za a kunna, a tsaya gefe, kada a tsaya saitin kwanon. Yara kuma su yi kallo daga nesa.

Wutar lantarki fa? Ba sai na faɗa ba. Amma injin nan ƙashin bayansa sanda ce ta ƙarfe a cikin boris biyu, da fuli, da bel, da gado mai nauyi wanda ba ya rawa. Ƙwararren mai walda zai iya haɗa shi. Ana iya juya shi da ƙaramin injin lantarki inda akwai sola, ko da irin injin fetur na markaɗe, muddin an sa babban fuli a gefen kwanon don a rage gudun sosai. Ana iya yin na ƙafa irin tsarin keken ɗinki, da ƙafa mai nauyi da za ta riƙe juyi, sai dai busasshiyar ƙirya za ta gajiyar da mai takawa, don haka a fara da ƙananan kwanoni. Wanda kuma yake da kafinta a kusa mai injin ƙafafun gado, zai iya yin yanka da manni a gida, ya je ya roƙi aron awa guda, in injin na karɓar faifan ƙarfe kuma ana iya rage masa gudu.

Kada kowa ya ɗauka wannan kwano zai gaji akushi. Ba zai gaje shi ba. Miya mai zafi, da jiƙawa a ruwa, da shanya a rana, duk abokan gabar manni ne, kuma in aka matsa masa da su gaɓoɓinsa za su buɗe. Tuwo na akushin gungume ne, kuma masassaƙan da suka rage sun cancanci a sayi kayansu da daraja. Kwanon zobba na busassun abubuwa ne: goro da dabino ranar ɗaurin aure, gyaɗa, aya, ƙuli-ƙuli, alewa, ko a sa shi cikin jeren amarya. A nan kuwa zai yi gogayya da kwanonin roba da na tangaran da ake shigo mana da su, kuma a ganina zai fi su kyau.

Mu ba mu cika ware wani aiki mu ce na sha'awa ne kawai ba. In mutum ya iya abu, sai a tambaye shi nawa yake sayarwa. Amma muna da masu kiwon tattabaru da ba su taɓa ƙirga riba ba, da masu ɗinkin hula a bakin masallaci waɗanda hula guda ke ɗaukarsu makonni. Wannan aikin danginsu ne. Ya dace da malamin makaranta da ke da yammacinsa, da ma'aikacin da ya yi ritaya, da yaron kafinta da ke son hannunsa ya faɗa, da matashin da rashin tsaro ya raba da gonarsa ta bakin daji ya zaunar da shi cikin gari. Ana yin sa a zaure, da rana tsaka, ba sai an taka daji ba. In kasuwa ta zo daga baya, alhamdu lillahi, amma wanda ya fara da lissafin kuɗi zai yi gaggawa, gaggawa kuwa a gaɓoɓi take bayyana.

Kwanon farko a yi shi ƙarami: gindi ɗaya, zobba uku, yanki takwas-takwas, icce iri biyu. In an gama sassaƙa a bi shi da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, a raba shi da katakon banzan, a goge gindin. A shafa masa man kaɗe kaɗan, a murza da tsumma har ya shiga, a share ragowar. A rubuta wata da shekara a ƙarƙashinsa, a ajiye shi a ɗaki inda rana ba ta dukansa. In damina ta wuce, hunturu ya shigo ya fita, a ɗauko shi a bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya da farce. Inda farce ya maƙale, a duba ko kusurwa ce ta kauce ko katakon ne bai gama bushewa ba, kafin a yanka na biyu.